Amsoshin Tambayoyinku: Ƙamus Ya Ce Kaza, Jama'a Sun Ce Kaza, Wa Za A Bi?

TAMBAYA

Ni tela ne a Funtuwa, shekarata 23 a kan keke. Karatun bokona bai wuce aji uku na sakandare ba, amma rediyo ba ya mutuwa a shagona tun safe har a tashi. Duk kalmar Turancin da na ji manya suna ta nanatawa, sai in rubuta ta a bayan littafin awo, in yarona ya dawo daga makaranta ya duba mini a ƙamus ɗin wayarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sau da yawa abin da ƙamus ya faɗa daban, abin da mutane ke nufi daban. Ga misali “palliative”: ƙamus ya ce magani ne, mu kuwa a unguwa buhun shinkafa muka ga ana kira haka. Sauran da na tara su ne “subsidy”, “budget”, “tariff”, “impeachment”, “aspirant” da “candidate”, “boycott”, “quarantine”, “curfew” da “deadline”. Don Allah a warware mini su, a kuma gaya mini tsakanin ƙamus da bakin mutane wa ke da gaskiya. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga mai karanta ku a Funtuwa.

AMSA

Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya mai da bayan littafin awo allon karatu ya riga ya ci rabin hanya.

Kafin in taɓa kalmomin da ka jero, bari mu leƙa shagonka. Sunan sana'arka kansa baƙo ne: tela daga “tailor” ya fito. Haka yadin da kake yankawa. A wurin Bature “yard” ma'aunin tsawo ne, inci 36, ya gaza mita ɗaya da kaɗan. Da shi yake auna ƙyalle, da shi yake auna fili. Da kalmar ta sauka a kasuwanninmu sai sunan ma'auni ya koma sunan abin da ake aunawa, har mutum kan ce maka, “Yanko mini yadi biyar na wancan yadin,” kuma ba mai yi masa dariya. “Trader” a Ingila mutum ne, ɗan kasuwa. Tireda a wurinmu shagon ne da kansa. To da wani zai taso daga Landan da ƙamus a hammata ya ce maka kuskure ne ka kira ƙyalle yadi, ai sai ka ba shi kujera, ka ce ya yi haƙuri, nan Funtuwa ne.

Kalma kamar falke take. Tana da garin haihuwa, tana da sunan da aka rubuta mata a takarda, tana kuma da laƙabin da mutanen zango suka sa mata. Kowanne gaskiya ne a muhallinsa. Da wannan ma'aunin za mu bi kalmominka ɗaya bayan ɗaya.

Tallafi biyu, suna ɗaya

Mu fara da wadda ta fi damunka. “Palliative” ta samo tushe ne daga Latin, harshen tsohuwar daular Rum, inda “pallium” ke nufin mayafi ko alkyabba. Daga nan aka sami ma'anar lulluɓewa. Likitocin Turai suka ɗauke ta suka raɗa wa irin maganin da ke lulluɓe zafin ciwo ba tare da ya taɓa tushen cutar ba. Ɗauki mutumin da ciwon daji ya ci ƙarfinsa har likita ya ga warkarwa ta faskara. Akwai kulawar da ake yi masa don ya samu barci, ya iya haɗiyar abinci, ya zauna da iyalinsa cikin natsuwa. Wannan kulawar ce asibitocin duniya ke kira “palliative care”. Ka ga ke nan yaronka bai karanta maka ƙarya ba.

Amma ko a Ingila kalmar ta daɗe da fita daga asibiti. Duk matakin da ya sassauta matsala bai kawar da ita ba, sukan kira shi da wannan suna. A Najeriya sai ta ƙara taku ɗaya. Lokacin kullen korona a 2020, gwamnatoci da attajirai suka tara shinkafa da taliya da sauran kayan masarufi don raba wa mutanen da aka hana fita nema, aka kira kayan “palliatives”. A 2023 da man fetur ya tashi, sunan ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya faru da yadi shi ya faru a nan: sunan mataki ya koma sunan buhun da ake miƙa maka.

'Yan jaridarmu na Hausa sun yi dabara da suka ce “tallafin rage raɗaɗi”, domin sun riƙe zuciyar kalmar. A yaren sana'arka: riga ce ta yage a kafaɗa, mai ita ya yafa mayafi ya fita. Mutunci ya rufu, yagar tana nan tana jiran allura. Saboda haka duk shugaban da ya kira abin da ya ba ka “palliative”, da bakinsa ya shaida maka cewa ba waraka ya kawo ba. Kalmar ta fi wasu masu furta ta gaskiya.

“Subsidy” ma 'yar Rum ce, amma daga fagen fama. “Subsidium” ita ce rundunar da ake girkewa a baya tana jira, sai an ga na gaba sun jigata a tura ta ta kai ɗauki. A yau tana nufin kuɗin da gwamnati ke biya don farashin wani abu ya sauko ƙasa da ainihin kuɗinsa. A ce buhun taki ya kama naira 30,000, gwamnati ta biya 10,000, manomi ya saya a kan 20,000. Wannan 10,000 ɗin da bai fita daga aljihunsa ba ita ce “subsidy”. Na man fetur shi muka fi sani. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire shi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ƙasa ta ɗauki zafi da zanga-zanga da yajin aiki, aka sauko zuwa 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshensa a jawabin kama mulki, cikin 'yan kwanaki lita ta bar ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne, Hausa ta ba kalmomin nan biyu riga ɗaya: tallafi. Shi ya sa za ka ji da safe an cire tallafi, da yamma ka ji ana rabon tallafi, ka rasa wanne aka cire wanne aka kawo. Ga yadda za ka raba su. “Subsidy” ba ka ganinsa da ido, a cikin farashi yake ɓoye, kuma duk wanda ya sayi abin ya ci moriyarsa, sai dai mai motoci goma ya fi mai babur ɗaya ci. “Palliative” a hannu ake miƙa shi, sau ɗaya ko biyu, kuma sai wanda sunansa ya shiga takarda.

Jakar fata da takardar sanarwa

“Budget” daga tsohon Faransanci ta zo, “bougette”, 'yar jakar fata irin zabirar dukawanmu. A Birtaniya ministan kuɗi kan zo majalisa da takardunsa a jaka, sai ake cewa ya buɗe jakar, har sunan jaka ya koma sunan abin da ke cikinta. Har yau ranar gabatar da kasafi, ministan kan tsaya a ƙofar gidansa mai lamba 11 a titin Downing ya ɗaga jan akwati 'yan jarida su ɗauki hoto. Mu muka ce kasafin kuɗi. Abin kiyayewa shi ne, kasafi ƙiyasi ne, ba kuɗi a ƙasa ba. Kai ma kana yin sa kullum: kafin ka sa almakashi ka lissafa yadi nawa, shafi nawa, zare nawa, aiki nawa. In mai riga bai kawo ciko ba, rigar a littafi za ta kwana. Don haka da ka ji an ce kasafin Najeriya na 2024 ya haura naira tiriliyan 28, ba ana nufin kuɗin na jibge a baitulmali ba ne. Abin da ake sa ran samu da abin da ake niyyar kashewa ke nan, kuma giɓin da ke tsakani da bashi ake cike shi.

“Tariff” kuwa za ta ba ka mamaki, domin ka san ta tun kana makarantar ilimi. Larabci ce: ta'arifi, wato sanarwa ko bayanin abu. Fataken Bahar Rum suka riƙa kiran takardar da ke bayyana kuɗin fiton kowane kaya da wannan suna, Italiyawa suka ara, Faransawa suka karɓa, ta ƙarasa Ingila. Yanzu fuska biyu gare ta. In ana zancen ciniki tsakanin ƙasashe, haraji ne da kwastam ke ɗora wa kayan da aka shigo da su, kamar atamfa ko leshin waje. In ana zancen lantarki ko kiran waya, jadawalin farashi ne. Dubi ikon Allah: ka aiko a yi maka ta'arifin kalmomi, ashe ɗaya daga cikinsu ita ce ta'arifin da kanta, ta je Turai ta canja kaya ta dawo ba ka gane ta ba.

Dabaibayi da farar riga

A kan “impeachment” ne ƙamus da bakin 'yan Najeriya suka fi raba hanya, kuma rabuwar tana da nauyi. Tushenta wata kalmar Latin ce mai nufin ɗaure ƙafa, abin da za mu ce dabaibayi. 'Yan uwanmu na Nijar za su ji ƙamshinta a Faransanci, inda “empêcher” ke nufin hanawa. A ƙamus ma'anarta ita ce majalisa ta tuhumi babban mai riƙe da muƙami da laifi a hukumance. Tuhuma kawai. Cirewa wani mataki ne daban da ke biyo bayan shari'a.

A Amurka majalisar wakilai ce ke tuhuma da rinjaye mai sauƙi, majalisar dattawa ta zauna kamar kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda kafin shugaba ya sauka. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, an tuhumi Bill Clinton a 1998, an tuhumi Donald Trump sau biyu, a 2019 da 2021. Duka ukun ƙamus zai ce an yi musu “impeachment”, amma babu ko ɗaya da majalisar dattawa ta raba da kujerarsa. Wanda ya fassara labarin 2019 da cewa an tsige Trump ya yaudari masu sauraronsa ba da niyya ba, domin washegari mutumin yana ofis.

A Najeriya kuwa da an ce “impeachment” kowa ya san kujera ta tafi. Tun ranar 23 ga Yunin 1981 kalmar ta zauna mana haka, ranar da majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna, wadda Funtuwa ke cikinta a lokacin, ta sauke Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, gwamnan farar hula na farko da aka yi wa haka a ƙasar. Kundin tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa matakan a sashe na 143 game da shugaban ƙasa, da na 188 game da gwamna: kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su yarda a yi bincike, babban joji ya naɗa kwamitin mutum 7, in kwamiti ya tabbatar da laifi kashi biyu cikin uku su sake amincewa. Takardar farko ita ce dabaibayi; ƙuri'ar ƙarshe ita ce tsigewa. In labarin Abuja ko Kaduna kake ji, ɗauke ta a matsayin tsigewa. In na Washinton ne, dakata ka ji hukuncin dattawa.

“Aspirant” da “candidate” ba su da wannan rikici. Na farko mai hanƙoro ne, yana neman jam'iyya ta tsayar da shi. Na biyu wanda ya ci zaɓen fitar da gwani ne, sunansa ya je hukumar zaɓe. Mai neman takara da ɗan takara ke nan. A jam'iyya ɗaya masu nema kan yi goma, amma ɗan takara ɗaya ne a kowace kujera. Asalin “candidate” zai yi maka daɗi a matsayinka na tela: a Rum mai neman muƙami kan fito da mayafi fari fat, an goge shi da alli don a hango shi cikin taro, kuma “candidatus” na nufin mai sanye da fari. Ka ga farar shaddar 'yan siyasa ba yau aka fara ba. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa da mai neman aiki su ma “candidate” ake ce musu.

Mutumin da sunansa ya zama hukunci

“Boycott” ba ta da tushe a Latin ko Larabci, sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott tsohon sojan Ingila ne da ke zaune a gundumar Mayo ta yammacin ƙasar Ailan, yana yi wa wani babban mai ƙasa, Lord Erne, wakilcin karɓar kuɗin hayar gonaki. A 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoma suka nemi a rage musu kashi 25 cikin 100, mai ƙasa ya ce kashi 10 zai iya, aka fara aika takardun kora. A daidai lokacin jagoran fafutukar manoma, Charles Stewart Parnell, yana shawartar mutanensa da kada su ɗauki makami, su dai juya wa azzalumi da mai taya shi baya kamar ba ya duniya.

A kan Boycott aka gwada. Ma'aikatan gonarsa suka watse, masu shaguna suka ƙi sayar masa da ko allura, maƙeri ya ƙi yi masa aiki, mai wanki ta daina zuwa, har mai kai wasiƙa ya ɗauke ƙafa. Amfanin gona ya nuna babu mai girbi. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kimanin 50 daga arewacin ƙasar, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 suna gadinsu, kuɗin tsaro ya ninka darajar amfanin gonar sau da yawa. Kafin shekarar ta ƙare ya tattara ya bar Ailan, jaridu kuma sun riga sun mai da sunansa aikatau. Daga Turanci ta shiga Faransanci da Jamusanci da Rashanci.

Mu ƙauracewa muke cewa: jama'a su haɗa baki su ƙi saye, ko su ƙi halarta, ko su ƙi hulɗa, don su matsa wa wani lamba. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka sama da 20 da suka ƙaurace wa wasannin Olamfik na Montiriyal a 1976, saboda an bar Niyu Zilan ta shiga alhali 'yan wasan zari-rugarta sun je wasa Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata. Kada ka haɗa ta da “strike”, inda ma'aikata ke ajiye aiki, ko “sanction”, wanda hukuma ko ƙasashe ke ƙaƙabawa, kamar yadda ECOWAS ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Lura kuma da yadda Hausa ta samo sunayen waɗannan biyun: yajin aiki daga yajin matar aure, takunkumi daga abin da ake ɗaura wa dabba a baki. Mu ma ashe muna ɗaukar tsohuwar kalma mu ɗinka mata sabuwar ma'ana.

Kwana arba'in da ba arba'in ba

“Quarantine” ita ce babbar hujjar cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba. Bayan annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa, wadda tsakanin 1347 da 1351 ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai ko fiye, biranen gaɓar teku suka shiga tsoron jiragen ruwa. A 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga yankin annoba sai ya yi kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya wa'adin ya koma kwana 40, kuma arba'in a Italiyanci ita ce “quaranta”. A bakin mutanen Venis, birnin nan na fatauci da ke kan ruwa, sunan ya kafu. In za a yi fassarar kai tsaye, sai mu ce an yi wa jirgi arba'in, kamar mai jego.

Yau ba mai ƙirga arba'in. Da Ebola ta shigo Legas a 2014, kwana 21 ake sa wa wanda ya yi hulɗa da maras lafiya ido, domin iyakar kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki ke nan. A korona kwana 14 aka fara da shi. Lambar ta tafi, sunan ya zauna. Killacewa muke cewa, amma ma'aikatan lafiya sun raba ta biyu: “quarantine” na wanda ya cuɗanya da mai cuta ne alhali shi bai nuna alama ba, “isolation” na wanda aka tabbatar yana ɗauke da ita.

“Curfew” dokar hana fita ce. Faransanci ne, “couvre-feu”, wato rufe wuta, kuma har gobe haka ake faɗinta a Yamai da Maraɗi. A garuruwan Turai na da, gidajen katako da jinka ne cunkushe, sai a buga ƙararrawa da dare kowa ya binne garwashin murhunsa don gudun gobara. Wanda ya taɓa ganin gobarar hunturu a kasuwa ya san hikimar abin. Wutar ta fita daga ma'anar, lokacin shiga gida ya rage.

Na ajiye “deadline” a ƙarshe da gangan, Malam, domin tsakaninta da teloli akwai tsohuwar gaba. Wa'adi ke nan, ranar ko sa'ar da dole aiki ya kammala. Amma asalinta ba abin dariya ba ne. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, a sansanonin fursunonin yaƙi irin na Andersonville a jihar Jojiya, akan ja layi 'yan taku kaɗan daga shinge, duk fursunan da ya ƙetare shi masu gadi su harbe shi. Layin mutuwa ke nan a zahiri. Daga baya 'yan jarida suka ari sunan suka ba sa'ar da dole labari ya isa maɗaba'a. Mun ɗanɗana ta a 2023, lokacin da Babban Banki ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe ta tsofaffin takardun naira, sannan ya matsar zuwa 10 ga Fabrairu. Taka kuwa ka fi ni saninta: daren sallah, mai kaya na zaune a bakin shago ya rantse ba ya tashi.

To wa za a bi?

Ƙamus ba sarki ba ne da ke kafa doka. Magatakarda ne, yana bin bayan jama'a yana rubuta abin da suka faɗa. Babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford, wanda kashinsa na farko ya fito a 1884 aka kammala shi a 1928, da haka aka gina shi: an tattara jimlolin da mutane suka rubuta a zamani daban-daban, daga cikinsu aka tsamo ma'ana. Shi ya sa ba ya ƙarewa. A Janairun 2020 ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Turancin Najeriya, ciki har da “okada” da “Kannywood”, daga baya suya ma ta shiga. A cikin na 2020 akwai “severally”, wadda a Ingila ke nufin kowa daban-daban, a Najeriya kuma sau da yawa. Shekara da shekaru malaman makaranta suna jan jan biro a kanta, ga shi magatakarda ya rubuta ta.

Wannan ba ya nufin a jefar da ƙamus. Jama'a ke da ikon ba kalma ma'ana, amma jama'ar wuri ɗaya ba su da iko da kunnen jama'ar wani wuri. In kana magana da maƙwabcinka, “palliative” shinkafa ce. In likita ya faɗa maka ita a kan ɗan'uwanka da ke kwance, ka natsu ka tambaye shi sosai, domin ba zancen abinci yake ba. Takardar kotu, takardar asibiti, yarjejeniyar banki da jarrabawar yaronka duk da ma'anar ƙamus suke aiki, kuma kuskure a cikinsu yana da tsada.

Ga abin da zan roƙe ka. In yaron ya buɗe ƙamus, kada ya tsaya a ma'ana ta farko. Ya karanta maka dukkan waɗanda aka jera da lamba, har da jimlolin misali, don sau da yawa wadda kake nema ita ce ta uku. In da hali ku nemi na Turanci zuwa Hausa na takarda, irin na Neil Skinner da ya fito tun 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990, ya zauna a shago kusa da rediyo. Sannan a littafin awonka, gefen kowace kalma, ka ƙara rubuta wa ya faɗe ta, kuma a kan me yake magana. Ba ka yanka yadi sai ka auna mai riga. Kada ka yanke wa kalma ma'ana sai ka auna mai magana.

Shi kansa ƙamus ɗin da muke kai ƙara gabansa bai tsira ba. A Larabcin da, “ƙamus” teku ne. Wani malami, Fairuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya tara kalmomin Larabci a littafi ya sa masa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye komai. Littafin ya yi farin jini har sunansa ya zama sunan kowane littafi irinsa, ya biyo malamai ya iso ƙasar Hausa. Yau ka ce wa yaro ya ɗauko ƙamus, ba zai nufi bakin ruwa ba. Alƙalin ma ashe falke ne, a zango aka sa masa sunan da muke kiransa.

Allah ya ƙara buɗi, ya kawo masu ɗinki da yawa, ya kuma ba ka ikon cika musu wa'adi kafin a ga wata.